Wace ce Linda Aiken, kuma bincikenta ya shafe mu a nan Kumasi?

Ƴar Aboabo:
Salamu alaikum yayyena. Ina shekarar ƙarshe a karatun jinya, kuma aikin kammalawata a kan yawan marasa lafiyar da ake ɗora wa nas ɗaya ne. Malamin da ke duba min aikin ya dawo min da babi na biyu da jan biro, wai ba a rubutu a kan wannan batu babu Linda Aiken. Na shiga Google Scholar, shafin neman takardun bincike, na ga takardunta ɗaruruwa, waɗanda suka ambace ta kuwa dubbai. Abin da ke damuna: a makon jiya na yi aikin dare, ni da Anti ɗaya muka riƙe gadaje 22, ƙarin ruwan wani dattijo ya ƙare har jini ya hau roba kafin mu waiwaye shi. Binciken da aka yi a Amurka me zai ce game da wannan daren? Ko dai ambatonta kawai ake yi don a cika shafi?

Anti Nas Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminki yana da gaskiya. Farfesa ce a Jami'ar Fensilbeniya, ita ma nas ce kafin komai. Takardar da ta fito da sunanta ita ce ta 2002 a mujallar JAMA. Asibitoci 168 suka duba a jihar Fensilbeniya, da nas sama da 10,000, da waɗanda aka yi wa tiyata sama da 232,000. Suka gano duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Ki kula wajen rubutawa, ba wai mutum 7 cikin 100 za su mutu ba ne, haɗarin ne ke hawa. Ɗalibai da yawa a nan suke zamewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ƙirga waɗanda matsala ta taso musu bayan tiyata amma ba a farga da wuri ba har suka rasu. To dattijon naki fa? Idon da zai gani ne ya yi kaɗan. A 2014 kuma, a mujallar Lancet, sun maimaita a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, aka sake samun kashi 7 ɗin nan.

Baban Nima:
Ni ba nas ba ne, mai ɗakina ce, shekara 14 ina jiran ta a tashar trotro da asuba. Hajiya Anti, ki yi haƙuri, amma su can muhawararsu tsakanin mara lafiya 4 da 8 ne. Mu nan ana maganar ashirin. Kuma ana ta cewa Aiken ce ta sa jihar Kalifoniya ta yi dokar ƙayyade adadin marasa lafiyar nas ɗaya, alhali an zartar da dokar tun 1999, kafin takardar tata ta fito. Yawan ambato a mujalla bai taɓa ƙara ma'aikaci ko ɗaya a ɗakin da matata ke aiki ba.

Anti Nas Asawase:
Alhaji, batun shekarar ka yi daidai. Dokar ta fara aiki a 2004, Aiken kuma ta bi sawu ta auna sakamakonta daga baya. Amma ka duba jihar Kwinslan a Ostireliya: a 2016 suka sa doka, nas ɗaya ga mutum 4 da rana, mutum 7 da dare, kuma ayarin su Aiken ne suka bibiyi abin da ya biyo baya. Mace-mace sun ragu.

Inda ni ma nake da ƙorafi da ita daban ne. A 2003 ta nuna asibitin da nas masu digiri suka fi yawa, mutuwa ta fi ƙaranci. Ni difloma gare ni, kuma ni nake koya wa masu digirin neman jijiyar jariri. Na daɗe ina jin haushin takardar nan kafin na yarda cewa asibiti gaba ɗaya take aunawa, ba hannuna ba.

Ƴar Aboabo:
Na gode Anti, na gode Baba. Zan sa ta a babi na biyu, in kuma faɗi ƙarara cewa alƙalumanta ba su kai inda muke ba. Anti, idan na nemi jadawalin aikin dare na wata uku don in ƙirga gadaje da nas da kaina, sai na bi ta kwamitin ba da izinin bincike, ko sa hannun shugabar ɗaki ya isa?

Anti Nas Asawase:
Kwamiti tukuna, kuma ki kai takardar tun yanzu, ba sa sauri. Ki ware ɗalibai da masu hidimar ƙasa daga lissafin, in ba haka ba adadin zai yi kyau a takarda fiye da yadda kika gan shi a daren nan.