Shawarwarin da suka fito a majalisarmu kan koyon Turanci

Jiya bayan la'asar hira ta ɓarke a majalisarmu ta bakin Kantin Kwari, kan yadda Turanci ya mamaye duniya. Wani Alhaji da ke sayo atamfa daga Guangzhou ya ce da Turanci yake ciniki da Sinawa, alhali ba harshen ɗayansu ba ne. Shawararsa: a fara da Turancin ciniki da lissafi, ƙaƙale ya biyo baya.

Malamin sakandaren cikinmu ya fi jan magana. Ya tuna mana cewa ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, kuma JAMB ta wajabta shi ga kowa. Ya ce yaro ya riƙa karatu da babbar murya, ya rubuta sakin layi ɗaya kullum, kuma kada a yi masa dariya in ya yi tuntuɓe. Ni wannan ta ƙarshen ta fi kwanta mini, don kunya ce ke ɗaure mana harshe.

Wani dattijo kuwa ya ja kunnen iyayen da ke hana Hausa a gida, ya ce kada a yar da ajami da Larabcin islamiyya.