Wani yaro ya tsayar da ni a aji kan sunan "Ɗan Mutum"

Malamin Ajin Matasa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Shekara ta huɗu ke nan ina koyar da matasa a wata ƙaramar ikilisiya kusa da Saminaka. Lahadin da ta wuce muna kan Markus sura 2, labarin shanyayyen nan da mutum huɗu suka ɗauko, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu a Kafarnahum. Da muka kai aya ta 10, inda Yesu ya ce Ɗan Mutum yana da ikon gafarta zunubai a duniya, sai wani yaro da kullum yake zama can baya kusa da taga ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, ai ni ma ɗan mutum ne. In shi da bakinsa ya faɗi haka, ina ikon Allah ya shigo?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa gumi ya keto mini. Na ce masa ai tawali'u ne. Ya ce, "To mai tawali'u ne zai ce ya gafarta wa wani zunubi?" Ƙararrawar shiga sujada ce ta cece ni. Na yi masa alkawarin amsa mako mai zuwa. Don Allah a taimaka.

Dattijo Mai Ritaya:
Ɗana, yaron nan ya yi maka alheri, kada ka ji haushinsa. Rabin maganarsa gaskiya ce. A littafin Ezekiyel Allah ya kira annabin "ɗan mutum" fiye da sau 90, kuma ma'anar a can ita ce ɗan Adam mai rauni, ba wani abu ba.

Amma ka buɗe Daniyel 7, ku karanta tun daga farko, kada ka tsallaka zuwa aya ta 13. Bari yara su ga namomin jeji huɗu suna fitowa daga teku, mai kama da zaki, mai kama da damisa, da na huɗun mai haƙoran ƙarfe. Mulkokin duniya ne. Sai aka kafa kursiyai, aka buɗe littattafai don shari'a. A nan ne wani mai kama da ɗan mutum ya zo cikin gizagizai, aka ba shi mulki da ɗaukaka da sarauta wadda ba za ta shuɗe ba, dukan al'ummai da harsuna su bauta masa. Yanzu ka tambayi yaron: a Tsohon Alkawari wa yake tafiya a kan gizagizai? Ku duba Zabura 104:3 da Ishaya 19:1. Ubangiji ne. Ni dai da na gane wannan, ina da shekara kusan hamsin, haushin kaina na ji don na daɗe ina karanta sunan nan kamar suna ne na ƙasƙanci kawai.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba ya gama magana, ɗan ƙari kawai zan yi. Daniyel daga 2:4 zuwa ƙarshen sura 7 da Aramiyanci aka rubuta shi, ba Ibraniyanci ba. Kalmar da aka fassara "bauta" a 7:14 ita ce dai wadda ke sura 3, inda Shadrak da Meshak da Abednego suka ƙi bauta wa allolin Nebukadnezzar har aka jefa su tanderu.

Sai dai Malam, ka shirya, don yaro mai kaifin kai irin wannan zai ci gaba da karatu har aya ta 18 da ta 27, inda aka ce tsarkakan Maɗaukaki ne za su karɓi mulkin. Saboda haka wasu masana, har da na Yahudawa, suke cewa mai kama da ɗan mutum hoton jama'ar Allah ne baki ɗaya. Kada ka ɓoye masa wannan. In ya gano da kansa daga baya, zai ce ka rufe shi. Abin da nake gani shi ne sarki da jama'arsa ba sa rabuwa, ta hannunsa suke samun mulkin.

Maman Zumunta:
Ni ban shiga makarantar tauhidi ba, amma ku tambayi babban firist mana! Markus 14:61 zuwa 64. Ya tambayi Yesu ko shi ne Almasihu, Yesu ya ce ni ne, za ku kuma ga Ɗan Mutum zaune dama ga Mai Iko, yana zuwa cikin gizagizan sama. Nan take mutumin ya kyakketa tufafinsa ya ce saɓo ne. Da "ni mutum ne kamar kowa" ya ji, me zai sa ya yi asarar rigarsa? Ya san Daniyel, ya san Zabura 110 mai maganar zama dama ga Ubangiji, ya ji an haɗa su a baki ɗaya. Istifanus ma da ya ce yana ganin Ɗan Mutum tsaye dama ga Allah, a Ayyukan Manzanni 7:56, toshe kunnuwa suka yi suka jajjefe shi.

Kuma Malam, ka daina barin aji suna yi wa mai tambaya dariya. Haka aka yi wa ƙanena, bai sāke buɗe baki a aji ba.

Malamin Ajin Matasa:
Na gode Baba, na gode Mama, maganar dariyar ta shige ni, laifina ne. Na tsara zan ba yaron Daniyel 7 ya karanta wa aji da kansa, wata yarinya kuma ta karanta Markus 14. Ɗan'uwa ɗalibi, in ya tsaya a aya ta 27 ya ce ai mu ne ake nufi, wane nassi zan fara buɗewa? Littafi Mai Tsarki uku kawai muke da su a ajin, biyu kuma Sabon Alkawari ne kaɗai, sai na ari na Fasto.