Tausa tana rage ciwon faibromayaljiya?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce faibromayaljiya ke damuna, wato wani ciwon jiki mai daɗewa da ke taɓa sassa da yawa. Gwajin jini lafiya lau, hoto ma haka, amma kafaɗu, ƙugu da bayan wuya kamar an lakaɗa min duka, barci kuma ba ya wartsakar da ni. Ƙanwata ta danna min baya da ƙarfi, washegari ko tulu na kasa ɗagawa. Tausar ce ba ta karɓe ni ba?

Hajiyar Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, sannu 'yata. Ƙarfin ne ya yi yawa. Ni sai na gasa jikina da ruwan ɗumi, jikata ta shafa man kaɗanya, ta bi da tafin hannu a hankali, ban da guiwar hannu. Da na ce wash, ta sassauta.

Ɗan Fisiyo:
Gaskiyar Hajiya. A wannan ciwon jijiyoyi ne ke zuzuta zafi, shi ya sa dannar da wani zai ji daɗinta ke zame miki azaba. Sauƙin tausa ba ya daɗewa, ki haɗa da tafiyar ƙafa kaɗan-kaɗan, ita bincike ya fi goyon baya. Mai ɗori kuwa ki bar shi, ba karaya ba ce.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode, Allah ya saka. Hajiya, kafin kwanciya ake miki ko da safe?