Shayar da shuka idan za a yi tafiya: abin da aka tattauna

Tambayar da aka kawo a hira ita ce: mai shuka a gida a Damagaram, in zai tafi Yamai ko Kano na mako biyu, yaya zai yi kada ta bushe?

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce ta tulu. A binne tulun ƙasa har wuya kusa da zogale ko tumatir, a cika shi, a rufe bakin. Ruwa na tsatsowa ta jikinsa kaɗan kaɗan, gwargwadon bushewar ƙasa, saiwa ta sha. Rufewar ma dole ce, saboda sauro. A garin da ake sayen ruwa wajen ƴan garuwa, a ganina wannan ta fi kowace.

Na cikin tukunya, irin su na'a-na'a, a tara su wuri ɗaya a inuwa, a jera gorunan roba cike da ruwa a kife a cikin tukwanen, da ƙaramin huji a murfi. Wasu sun ce tsumma mai jawo ruwa daga bokiti zuwa tukunya ya isa, amma a bazara, watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, tsumman kan bushe.

An yi gardama kan rufe gindin shuka da ciyawa ko ɓawon gyaɗa: yana riƙe danshi, sai dai yana jawo gara.

In tafiyar za ta daɗe, a bar wa maƙwabci jarka cike, a nuna masa ma'auni, don yawan ruwa na ruɓar da saiwa.