Ungulu ko gansakuka: wacce ta fi cancantar a kare?

Malam Sani T/Wada: Wai masana na can suna kashe kuɗi a kan wata gansakuka a duwatsun Tibet don kar ta ƙare. Wannan almubazzaranci ne. Ungulun da muka taso muna gani a mahauta fa, yau ina take?

Hauwa Kawo: Malam, Takakia sunanta, kuma ba irin koren da ke kwanciya a bakin kwata ba ce. Jinsi biyu kacal ke gidansu duk duniya. Ba ta fure, ba ta da saiwa ta gaskiya. Da can ma an jera ta a wani dangin tsiro daban, sai daga baya aka gane gansakuka ce. Wani bincike na 2023 ya ce asalinta ya kai shekara miliyan 390, kuma tana raguwa saboda ɗumamar yanayi.

Malam Sani T/Wada: To sai me, 'yata? Tsufa ai ba amfani ba ne.

Bala Mahauci: Gaskiyar Malam. Da, kafin ka gama fiɗa ungulu ta kwashe ƙazantar. Yanzu sai ƙuda da karnuka. Guba ake sa wa ungulayen, a sayar da kawunan ga 'yan tsibbu.

Dakta Yusuf Barnawa: Idan zancen jinsi ne, ungulunmu ta fi Takakia maraici. Danginta ɗaya da shaho da shirwa, amma a rukuninta na Necrosyrtes ita kaɗai ce. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ta duniya ta sa ta a matakin dab da ƙarewa. A 2020 an kashe sama da 2,000 da guba a Gini Bisau. Ku duba Indiya: maganin dabbobi na diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu ungulayensu kafin a hana shi a 2006, mushe ya yi yawa, karnukan titi suka ƙaru.

Hauwa Kawo: Ban musa ba, Dakta. Amma ungulu ana ganinta, ana iya ƙirga ta. Gansakuka jinsi wajen 12,000 ce, yawancinsu ba a ma tantance halin da suke ciki ba. Wa ya taɓa bin duwatsun Kagoro da damina ya rubuta waɗanda ke wurin?

Malam Sani T/Wada: Ki je ki rubuta, Allah ya ba da sa'a. Ni dai a fara da kama masu gubar.

Bala Mahauci: Masu saye fa, Malam?