Ɗan sanda a hutu da bindigarsa a ƙofar wuraren shaƙatawa na Amurka: wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Zango, Bronx: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ina aikin ɗan sanda a New York, kuma wannan hutun ne zan fara kai yara Orlando a jihar Florida, inda wurin shaƙatawa na Disney yake. Dokar tarayya ta 2004 mai suna LEOSA ta ba mu 'yan sanda, har da masu ritaya, damar riƙe bindiga a ɓoye a kowace jiha. Shin damar ta kai har cikin Disney? Don Allah wanda ya je da ƙafarsa ya ba mu labari, ban da "an ce".

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam ɗana. Ba ta kai ba. Dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu ta ɗauke maka dokokin jihohi na hana ɓoye bindiga, amma a cikinta aka rubuta cewa ba ta taɓa ikon mai wuri na hana makami a filinsa ba, matuƙar dokar jihar ta ba shi wannan ikon. Disney kamfani ne, filinsa nasa ne, kuma ƙa'idarsa ta hana bindiga da harsashi da wuƙa. Ni a wani wurin daban na ɗauki darasina. Na ciro katina na ɗan sanda mai ritaya ina taƙama, yaron da ke ƙofa ya karɓa da ladabi, ya gode mini da hidimar da na yi wa ƙasa, sannan ya nuna mini hanyar komawa. Jikokina suna tsaye suna kallo.

Maman 'Yan Biyu: Baba ai kai da sauƙi. Mu a watan Yuli abin ya same mu, lokacin da zafin Florida ke narka mutum. Tun a masauki na ce wa maigidan, shi ma ɗan sanda ne, ya bar bindigar, ya ce shi ba ya fita da iyali hannu biyu. Muka yi layi ya fi rabin awa, na'urar gano ƙarfe ta yi ƙara, aka ja shi gefe. Ba a wulaƙanta shi ba, gaskiya, amma sun ce ba sa karɓar ajiyar makami. A motar haya muka zo, kuma ba ya yarda ya bar bindiga a mota don ɓarayi, shi da kansa ya sha rubuta rahoton bindigogin da aka sace daga motoci. Dole ya koma har masauki. Ni da yara muka raɓe a inuwa, tikitin da muka saya da tsada yana ta cin rana. Sai bayan azahar muka shiga. Har yau in aka yi faɗa nakan tuno masa da ranar.

Mai Gadin Ƙofa: Hajiya ki yi haƙuri, ni na yi wannan aikin na ƙofa shekara biyu ina ɗalibi, bari in faɗi namu ɓangaren. Tun Disamban 2015 manyan wuraren nan, Disney da Universal da SeaWorld, suka kawo na'urorin gano ƙarfe. Mu ba mu da hanyar tantance katin kowace rundunar 'yan sanda a ƙasar da take da dubban runduna. Na biyu, akwai 'yan sandan gunduma da ke bakin aiki a ciki. In abu ya faru suka hangi mutum cikin gajeren wando da bindiga a hannu, ta yaya za su san nasu ne? Na uku kuma lilon da ke kifa mutum ƙasa. Waya da makulli muke tsinta kullum a ƙarƙashinsa, shi ya sa a wasu liluna sai ka zazzage aljihu kafin ka hau.

Bakano a Houston: Kar a haɗa kowa da kowa. Mu a Texas doka ta hana wuraren da jama'a ke shiga su hana ɗan sanda riƙe makaminsa, ko yana bakin aiki ko ba ya. Ni na kai yara wani wuri a nan, na nemi shugaban masu tsaro tun kafin in shiga layi, ya duba katina ya rubuta sunana, na wuce. Amma fa yini na yi ina riƙe da jakunkuna, ban hau komai ba, wurin ruwa ma daga nesa na kalla. Ni dai har yanzu ina ganin hana ɗan sanda kuskure ne, mutumin da aka horar ai ƙarin tsaro ne.

Mai Gadin Ƙofa: Yallaɓai, horonka ba a rubuce yake a goshi ba.

Ɗan Zango, Bronx: Na gode ƙwarai. Da ma ta jirgi za mu je, ga wahalar cire harsashi, a kulle ta a akwati mai ƙarfi, a bayyana ta wajen awon kaya, duk don ta je ta kwana a ɗakin otal. Zan kulle ta a gida. Hajiya, na karanta wa uwargidana labarinki, ta ce a gaishe ki, wai ki turo mata sunan wurin da ake samun abincin halal a Orlando.