Neman shawara: masu farautar 'yan wasa sun fara zuwa kallon ɗana, ban san me suke dubawa ba

Bazazzagi a Toronto:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka daɗe a nan Kanada.

Ni mutumin Zariya ne, shekarata 19 a yankin Toronto. Ɗana na biyu a nan aka haife shi, shekararsa 15, kuma tun yana ɗan shekara biyar yake buga ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wato hoki. Ni da tamaula na tashi, shi kuwa abokan makaranta ne suka ja shi, Allah kuma ya ba shi baiwa. Bana yana matakin U16 AAA, wato mataki mafi girma na 'yan ƙasa da shekara 16, a gasar yara ta yankin Toronto da ake kira GTHL, ɗan baya ne. Wannan ita ce shekarar da kulob-kulob na OHL, babbar gasar matasa ta jiharmu Ontariyo, suke zaɓen yara.

Tun watan Oktoba muke ganin wasu mutane suna zama su kaɗai can sama a kusurwa, ba sa tafi, ba sa ihu, sai rubutu. An ce mana su ne masu yi wa kulob farautar 'yan wasa. Yaron ya daina barci sosai a daren wasa, ni kuma ban san me zan ce masa ba.

Abin da ke damuna: a ƙarshen Nuwamba aka haife shi, tsayinsa ƙafa 5 da inci 8, rabin 'yan ƙungiyarsu sun kere shi. Ƙwallo biyu kacal ya ci duk kakar nan. Sannan wani mutum ya tare mahaifiyarsa bayan wasa, ya ce shi mai ba iyalai shawara ne, in mun biya shi dala 3,000 zai haɗa bidiyon yaron ya kai wa kulob-kulob. Ga azumi zai faɗo daidai wasannin ƙarshen kaka. Mahaifiyarsa kuma kullum maganarta ɗaya: in an zaɓe shi, ɗan shekara 16 zai je ya zauna gidan wasu a Sudbury ko wani gari mai nisa? Ku taimaka mana da abin da kuka sani.

Kawu na Kitchener:

Wa alaikumus salam Malam. Na bi wannan hanya da babban ɗana shekara shida da suka wuce, kuma har yanzu ina riƙe agogo a wasannin yara a garinmu, don haka ina zama kusa da mutanen nan, muna hira.

Ka fara cire maganar ƙwallo biyu daga ranka. Ɗan baya ba a auna shi da yawan ci. Ko ɗan gaba ma, ba sa ɗaukar lissafin da muhimmanci kamar yadda iyaye suke ɗauka, domin sun san yaro na iya zura huɗu a ragar ƙungiya mai rauni ya ɓace ranar da aka haɗu da manya.

Abu na farko da suke kallo ƙafa ce. Taku ukun farko idan ya tashi daga tsaye, yadda yake gudu da baya, da yadda yake juyawa daga baya zuwa gaba ba tare da gudunsa ya mutu ba. Wanda ƙafarsa ta yi nauyi, komai iya sandarsa, sai su ja masa layi, saboda a OHL zai haɗu da 'yan shekara 19 da 20.

Na biyu kai ne, kuma nan ne nake so ka sa ido a wasa na gaba. Idan abokan hamayya suka watso ƙwallon cikin kusurwarku yaronka ya koma ɗaukowa, shin yana waiwayawa ta kafaɗa kafin ya isa gare ta? Sau ɗaya ko sau biyu? Wanda ya waiwaya ya riga ya san inda mai binsa yake da inda ɗan uwansa yake, sai ka ga ya ba da ƙwallon farko a tsanake ta fita daga gida. Wanda bai waiwaya ba sai ya ɗauka tukuna ya fara tunani, a nan ake manna shi da katakon da ya kewaye filin. Haka nan tazarar da yake bari tsakaninsa da mai kawo hari: in ya ja baya da yawa ya ba shi fili, in ya matsa da yawa a wuce shi. Duk wannan ba ya fitowa a takardar sakamako. Shi ya sa suke hawa can sama, daga nan ne ake ganin abin da yaro yake yi lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa.

Na uku hali. Suna kallon benci. Idan ya yi kuskure aka ci su, yana buga sanda a ƙofa ne ko yana sauraron koci? Idan ana cinsu 5 da 1 saura minti huɗu, yana komawa tsaro da gudu ko ya saki jiki? Suna kiran kocin bana da na bara. Kuma wallahi suna kallon iyaye, tsayinsu da halinsu duka. Uban da ke zagin alƙalin wasa daga kan kujera yana rage wa ɗansa daraja bai sani ba.

Ga lissafin zaɓen OHL: kulob 20 ne, zagaye 15, wajen yara 300 ke nan ake kira. Da yawa cikinsu, musamman na zagayen baya, ba sa samun gurbi a kulob ɗin da ya zaɓe su. Su ma masu zaɓen hasashe suke yi, suna ƙoƙarin gane yadda ɗan shekara 15 zai zama a shekara 18. Mark Scheifele sai a zagaye na bakwai Saginaw ta ɗauke shi a 2009, bayan shekara biyu Winnipeg ta ɗauke shi na bakwai a duk zaɓen NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka. Claude Giroux babu kulob ɗin OHL da ya kira sunansa, gwaji ya je Gatineau, kulob ɗin gasar matasa ta Quebec, a 2006 Philadelphia ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen NHL. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Nawa ɗan ba a zaɓe shi ba, ya yi kuka kwana biyu, ya buga shekara uku a OJHL, gasar matasa da ke ƙasa da OHL, yanzu yana jami'a kuma yana buga mata.

'Yar Maraɗi, ma'aikaciyar jinya a Calgary:

Yaya, kan maganar Nuwamba, damuwarka tana da tushe. A nan ana raba yara ne daga 1 ga Janairu, don haka akwai waɗanda suke aji ɗaya da ɗanka amma sun girme shi da wata goma sha ɗaya. A wannan shekarun wata goma sha ɗaya ba wasa ba ne, wani ya fara gemu wani muryarsa ba ta buɗe ba. Roger Barnsley da abokan aikinsa sun nuna haka tun 1985: a manyan gasannin matasa kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan wasa haihuwar Janairu zuwa Maris ne, na Oktoba zuwa Disamba kuwa wajen kashi 10. Ke nan yaron da aka haifa a Nuwamba ya kai AAA ya riga ya tsallake siraɗin da ya kayar da yawancin sa'o'insa, kuma ƙwararren mai farauta ya san da haka. Akwai ma riba a gaba: zaɓen NHL yana yankewa ne a 15 ga Satumba, don haka shi zai samu ƙarin shekara guda ta girma kafin nasa lokacin ya zo. Mu nan yamma, WHL, takwarar OHL, tana zaɓe shekara ɗaya kafin naku, kuskuren tsayi ya fi yawa.

Roƙona biyu. Kada wani ya sa ku fara ɗura masa garin ƙarin tsoka da ba likita ne ya rubuta ba. Abinci da barci su ne maganinsa. Na biyu, shekarar zaɓe ce yara suka fi ɓoye buguwar kai don kada a zaunar da su. Idan ya sha karo ka ga ciwon kai, jiri, ƙin haske ko mantuwa, kada ya koma kan ƙanƙara sai likita ya sallame shi, ko da duk masu rubutun duniya ne suka zo ranar. Ontariyo tana da doka a kan haka tun 2018, Rowan's Law, koci ba shi da hurumin matsa muku.

Alhaji na Brampton:

Ni dai zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Maƙwabcina ya yi wannan hidima, shekara guda ta ci masa fiye da dala 15,000, kuɗin ƙungiya, otal, mai, sanduna. Yara nawa ne suke kaiwa NHL? Zaɓen shekara gaba ɗaya mutum 224 ne, daga duk duniya. Mun baro gida ne don yaranmu su yi karatu. Malam ka tambayi kanka ko sakamakonsa na makaranta yana nan yadda yake, kafin maganar wane ne ya zo da takarda.

Ƙanwarku daga Ottawa:

Alhaji ka yi gaskiya kan kuɗi, amma yanzu karatu da wasan ba sa karo kamar da. A da, yaro yana buga wasa a OHL ya rasa damar buga wa manyan jami'o'in Amurka. A Nuwamban 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta sauya wannan doka, daga Agustan 2025 ƙofar a buɗe take. Kuma OHL tana ba da tallafin karatu: duk kakar da yaro ya buga, tana biya masa kuɗin shekara guda na jami'a ko kwaleji da littattafai. Sai dai a karanta sharuɗɗan da kyau kafin a sa hannu, kuma jami'a ba ta ɗaukar wanda makinsa ya zube. A nan maganar Alhaji take da ƙarfi.

Mai dala 3,000 kuwa, Yaya kada ku yi gaggawa. Akwai masu ba da shawara na gaskiya da ke karɓar kuɗin aikinsu, amma abin da ya ce zai sayar muku kulob-kulob suna da shi. Yaron da ke AAA a GTHL an riga an kalle shi sau da yawa, filaye da dama ma akwai kyamarar LiveBarn da ke ɗaukar wasanni a kalla ta intanet. Manyan wakilai su suke neman yaro, kuma sai ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru suke cin kasonsu. Ƙungiyar 'yan wasan NHL, wato NHLPA, tana da jerin wakilan da ta amince da su. Ku tambaye shi sunayen iyalai uku da ya yi wa aiki ku kira su da kanku. Duk wanda ya ce zai tabbatar muku da zagaye kaza, ku rabu da shi.

Maman 'yan biyu, London ta Ontariyo:

Ni wurin uwar yaron hankalina yake. 'Yar uwa, tsoronki daidai ne. Idan kulob ya ɗauke shi, gidan riƙo za a ba shi, iyalin da za su ciyar da shi su kula da zuwansa makaranta. Akwai na kirki ƙwarai, na san wata mata a nan da ta koyi inda ake sayar da naman halal saboda yaron da aka ba ta. Amma ba a barin wannan ga sa'a. Kafin zaɓe kulob ɗin da ke sonsa zai kira ku hira. Su za su yi muku tambayoyi, ku ma ku yi musu: wa ke zaɓar gidan, za mu gan shi tukuna, akwai giya a kan teburin cin abinci, akwai masallaci a garin, wa yaro zai kai wa ƙara in manyan 'yan wasa suka takura masa ko aka zage shi kan launin fatarsa?

Wannan ta ƙarshe ba zargi ba ne. Akim Aliu, haifaffen Okene, yana ɗan shekara 16 a Windsor a 2005 ya ƙi yarda da wulaƙancin da ake yi wa sababbin shiga, kuma ya sha wahala a kan haka. An tsaurara dokoki tun lokacin, amma uwa ta tambaya.

Ku kuma gaya wa yaron ba shi ne farau ba. Rumun Ndur a Zariyarku aka haife shi a 1975, ya buga wa Guelph a OHL, Buffalo ta NHL ta zaɓe shi a 1994, shi ne haifaffen Najeriya na farko a NHL, kuma shi ma ɗan baya ne. Nazem Kadri ɗan garinmu ne, Musulmi, ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da Colorado a 2022 ya kawo shi har masallacinmu na London. Yaran da suka gani da idonsu ranar ba za su manta ba.

Azumi kuwa, hukuncin ku kai wa malami, musamman ranakun da za ku yi tafiya mai nisa. Abin da ke hannunku shi ne ku sanar da koci tun yanzu, kada ya ga yaro ya yi sanyi a zango na uku ya ce lalaci ne, mai rubutu ma ya rubuta haka. Sahur mai nauyi da ruwa sosai, dabino da gorar ruwa a benci in magariba za ta faɗi ana cikin wasa.

Bazazzagi a Toronto:

Allah ya saka muku da alheri, ya raya mana zuri'a baki ɗaya. Kawu, jiya na hau can sama na zauna ni kaɗai, na sa ido kamar yadda ka ce. Sau tara ya koma ɗauko ƙwallo, sau bakwai ya waiwaya kafin ya isa. Shekara goma ina kai shi wasa ban taɓa lura da wannan ba. Da na faɗa masa a mota sai ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ashe kana gani." Na nuna masa hoton Ndur, ya tura wa duk abokansa.

Mun gaya wa mutumin ya kawo sunayen iyalai uku, har yanzu bai amsa ba. Alhaji, lissafinsa ya ɗan sauka a zangon nan, mun samo masa mai koyarwa ranar Talata. Maman 'yan biyu, mahaifiyarsa tana son ta yi magana da ke kai tsaye kan gidan riƙo, in babu damuwa zan turo miki lambarta ta saƙon sirri.